Mazajen Gagare da Bunsuru, da Littafin da Ba Mu Rubuta Ba

Duk lokacin da ka tsaya a tashar mota ta Gusau ka ji yaran mota suna kiran fasinjan Ƙaura Namoda, sunan wani mutum kake ji, mutumin da ya kwanta dama fiye da shekara 200 da suka wuce. Mai kiran bai san shi ba, mai shiga motar ma hankalinsa yana kan kayansa, amma sunan yana nan a bakin kowa, yana kan allon hanya, yana kan takardar shaidar kowane ɗalibin da ya gama kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a garin a 1983. Ya mai karatu, ina so mu bi wannan hanya tare, daga Ƙaura mu leƙa Zurmi, mu bi ta Moriki mu sauka Shinkafi, mu dubi waɗansu maza da ƙasar nan ta riƙe sunayensu, mu ga abin da ya riƙe su. Daga nan sai mu komo gida mu tambayi ikilisiya inda ta ajiye nata mazajen.

Ƙasar da ke tsakanin gulbin Gagare da gulbin Bunsuru tsohuwar ƙasa ce ta Zamfarawa. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi, Gobirawa suka kafa hedkwatarsu a Alƙalawa, sarakunan Zamfara kuwa suka watse zuwa kudu. A cikin wannan ƙasa da aka ɗaiɗaita akwai Fulanin Alibawa zaune a wajajen Zurmi da dabbobinsu da malamansu. Da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, Alibawa suka ba shi goyon baya. Abu Hamidu ya karɓi tuta, shi ne aka naɗa Sarkin Zamfara a Zurmi, har yau kuma mai sarautar garin Sarkin Zamfaran Zurmi ake ce masa. Namoda daga wannan gida ya fito, amma shi rabonsa a fagen fama yake. Shi ne ya tsaya wa jama'ar Shehu a gabas sa'ad da rundunar Azbinawa da abokan gwiwarsu suka auko wa Zurmi, aka kore su. Yana cikin shugabannin yaƙin da suka yi wa Alƙalawa ƙawanya a 1808, ranar da birnin ya faɗi aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Bai daɗe yana cin moriyar nasarar ba, gama wajen 1810 aka kashe shi a yaƙin Kiyawa. Abin mamaki, sunan garin da ya cinye shi ne ya zama sarautar garin da ya kafa: Sarkin Kiyawa ake kiran sarkin Ƙaura Namoda. Ko kalmar farko ta sunan garin ma tana da fuska biyu, domin ƙaura ita ce tashi daga wani wuri zuwa wani, Ƙaura kuma sarautar yaƙi ce a ƙasar Hausa, duka biyun kuwa sun dace da mutumin.

Mai karatun Littafi Mai Tsarki zai tuna da Omri, Sarkin Isra'ila. Shi ma sarkin yaƙi ne kafin ya hau gadon sarauta. Ya sayi wani tudu a hannun Shemer a bakin talanti biyu na azurfa, ya gina birni a kansa, ya sa masa suna Samariya saboda mai tudun. A idon duniya Omri babban mutum ne ƙwarai. Assuriyawa sun ci gaba da kiran ƙasar Isra'ila da sunan gidansa shekaru da yawa bayan zuriyarsa ta ƙare, Sarkin Mowab Mesha ma ya sa an sassaƙa sunansa a kan dutse. Amma buɗe 1 Sarakuna sura 16 ka gani, ayoyi kaɗan marubucin ya ba mulkinsa, ya auna shi da ma'aunin Ubangiji, ya wuce. Ban kawo Omri don in yanke wa Namoda hukunci ba, hukunci na Allah ne. Na kawo shi domin ka lura cewa takobi yana iya kafa suna a kan gari, amma ba ya faɗa maka sunan ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka haƙa ganuwar, ko waɗanda aka kora daga gonakinsu, ko waɗanda aka ɗaure da igiya aka kai kasuwa. Da yawa daga cikin Hausawan da suke bin Almasihu a yau jikokin Maguzawa ne, kakanninsu suna cikin waɗanda yaƙe-yaƙen wancan ƙarni suka bi ta kansu. In za mu tuna da jarumi, adalci ne mu tuna da su ma.

Ƙasar ba ta huta ba bayan Namoda. Gobirawan da suka koma Tsibiri da Katsinawan da suka kafa Maraɗi sun yi ta kawo hari shekara da shekaru, garuruwan Zamfara ta arewa suka zama bakin daga. Baturen Ingila Clapperton ya bi ta Zurmi a 1824 a tafiyarsa ta ganin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Bajamushe Barth ya bi ta Zurmi da Badarawa a 1853, daga Katsina zuwa Wurno. Dukansu biyu sun iske ayari yana tafiya cikin fargaba, ana ratsa dajin Gundumi ba tsayawa, dare da rana, don tsoron mahara. Wanda ya san halin da hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi take ciki a zamaninmu ba zai karanta wannan da sanyin jiki ba.

Akwai wata hanyar riƙe suna da ta fi takobi daɗin ji, ita ce kiɗa. A ƙasar Shinkafi akwai wani gari ana ce da shi Tubali, can aka haifi Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa, Amadu. Masana harshen Hausa sun yarda cewa da wuya a sami makaɗin fada da ya kai shi iya sarrafa magana. Ya rasu tun farkon shekarun 1960, amma har gobe gidajen rediyo suna sa waƙoƙinsa, jami'o'i suna nazarinsu. Na san dattawanmu na dā ba su so matasan ikilisiya su saurari kiɗan fada, suna da dalilinsu, ko da yake da yawansu in ka zauna da su za ka tarar sun san waƙoƙin sarai. Abin da ya shafe mu a nan shi ne aikin da waƙar ta yi. Sarakuna nawa ne aka yi a Gobir da Zamfara a wancan zamani, masu dawaki da dogarai da rumbuna? Yawancinsu sai ɗan gidansu ne zai iya kawo maka sunansu. Amma waɗanda Narambaɗa ya wasa, har da alƙalai da hakimai da 'ya'yan sarki, sunansu ya kai inda ƙafarsu ba ta taɓa takawa ba. Makaɗin fada yakan jero asalin ubangidansa, wane ɗan wane jikan wane, ya ambaci ƙasar da yake riƙe da ita, da abin da ya yi. Wato asali, da iyali, da aiki, da abin da aka cim ma, duka a baki ɗaya. Sai dai waƙar fada tana da iyaka biyu. Ba ta zuwa ƙofar wanda ba shi da riga ko doki da zai bayar. Ba ta kuma faɗin laifin ubangida, laifi na abokin hamayya ne, shi ake yi wa zambo.

A zamanin boko takarda ta karɓi aikin kotso. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Alhaji Umaru Ali Shinkafi, Marafan Sakkwato, wanda aka haifa a 1937. Ya shiga aikin ɗan sanda yana saurayi, yana cikin aikin ya karanta shari'a a Jami'ar Legas ya zama lauya. A 1975 aka naɗa shi kwamishinan harkokin cikin gida na tarayya. Daga 1979 zuwa 1983, wato zamanin Shugaba Shehu Shagari, shi ne shugaban hukumar tsaron ƙasa ta NSO. Ya nemi takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar NRC a 1992, gwamnatin Janar Babangida ta soke zaɓen fid da gwani ta kuma hana 'yan takarar sake tsayawa. A 1999 ya yarda ya zama mataimaki ga Cif Olu Falae, Bayarabe Kirista daga Akure, a zaɓen da Cif Obasanjo ya ci. Ya rasu a Landan a watan Yuli na 2016. Ƙanensa Mahmud Aliyu Shinkafi ya yi mataimakin gwamnan Zamfara shekara takwas, sa'an nan ya yi gwamna daga 2007 zuwa 2011. 'Yarsa Dokta Zainab likitar yara ce, ta kuma yi suna wajen yaƙi da cutar daji. Ka ga na iya jero maka wannan duka da shekarunsa, domin jaridu sun buga, ofisoshi sun ajiye. Haka nan in ka tambayi wanda ya gaji Sarkin Kiyawa Alhaji Muhammad Asha da ya rasu a watan Mayu na 2020, kowa zai ce maka ɗansa ne Sanusi, wanda yake manjo ne a rundunar soja sa'ad da aka naɗa shi.

Wataƙila wani ɗan'uwa ya ce, me ya kawo tarihin sarakuna da makaɗa da 'yan siyasa, dukansu Musulmi, cikin littafin ibada na masu bi? Amsata ita ce, ƙasarsu ƙasarmu ce, ruwan Gagare muka sha tare. Annabi Irmiya a sura 29 ya umarci waɗanda aka kai bauta Babila su gina gidaje, su dasa gonaki, su nemi zaman lafiyar birnin su kuma yi masa addu'a, alhali su baƙi ne na gaske a can. To, balle mu da aka binne cibiyarmu a nan? Littafi Mai Tsarki bai ji kunyar rubuta sunan Sairus Sarkin Farisa ba, bai kuma ɓoye alherin da aka samu ta hannunsa ba. Mai bi wanda bai san tarihin garinsu ba ya sauƙaƙa wa mai kiransa baƙo aikinsa.

Yanzu mu komo gida. A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya iso Ƙaura Namoda, nan ya tsaya, nan ne ƙarshensa. Gyaɗa da auduga aka shimfiɗa shi ya kwasa, ba bishara ba, amma Allah yana da hanyoyinsa. Tare da jirgin aka sami direbobi da masu zuba gawayi, da akawuna, da masu awon gyaɗa na kamfanonin Turawa, da kafintoci da teloli da magina, Yarabawa da Ibo da mutanen kudancin Zariya da na Filato da na Binuwai. Da yawansu Kirista ne. A lokacin gwamnatin Ingila ba ta yarda 'yan mishan su yi wa'azi a fili cikin ƙasashen sarakunan Musulmi ba, amma ba ta iya hana ma'aikacin reluwe ya tara iyalinsa da maƙwabtansa ran Lahadi ya buɗe littafin waƙoƙi ba. A garuruwan bakin dogo na Arewa haka ikilisiyoyi da yawa suka soma, a zauren wani akawu ko a ƙarƙashin rumfar kara, ba fasto, ba ƙararrawa. Wani ya ba da ɗakinsa, wani ya sassaƙa benci, wani ya je gaban hakimi ya roƙi fili. Waɗannan su ne Namodan ikilisiya a ƙasar nan, su suka yi ƙaura suka kafa. Je ka tambayi matasan majami'arku sunan mutumin da aka fara yin sujada a gidansa, ka ji abin da za su ce.

Ƙofa ta biyu ta wurin kutare ta buɗe. Mishan ta SIM, wadda Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka zo kafawa a 1893, ta binne biyu daga cikin ukun nan kafin shekara ta kewayo, Gowans a Girku, Kent a Bida. Shekara arba'in da 'yan kai bayan haka, a shekarun 1930, hukuma da sarakuna suka danƙa wa mishan ɗin kula da kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. Daga nan tashoshi suka bazu cikin lardin Sakkwato, har da Gusau da Tsafe, da Moriki a ƙasar Zurmi. A 1932 kuma aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya ba da ƙarfinsa a kai tare da waɗansu. Kafin ƙwayar dafson ta zo, maganin kuturta allurar wani mai ne mai zafi da ake tsira wa mutum a fata, mako bayan mako. Wa yake riƙe da allurar? Wa yake wanke gyambo da safe, ya naɗe shi, da yamma kuma ya koya wa majiyyata karatun boko da Hausa? Baturen mishan ɗaya ne ko biyu a tasha, sauran aikin 'yan ƙasa ne suka yi shi, waɗansunsu ma tsofaffin majiyyata ne da suka warke suka ƙi tafiya. Rahotannin da ake aikawa Kanada da Amurka sukan kawo cikakken sunan Baturen da na matarsa da ranar da suka sauka, 'yan ƙasa kuwa sau da yawa a dunƙule ake ambatonsu, a ce mataimaka, ko a kawo sunan fari kaɗai. Ba na zargin waɗannan bayin Allah, sun bar ƙasarsu, waɗansu sun binne 'ya'yansu a nan, masu ba su taimako a can gida suke rubuta wa. Rubuta namu sunayen aikinmu ne, tun 1954 kuwa da aka kafa ECWA alƙalamin yana hannun 'yan ƙasa. Haka yake ga 'yan'uwanmu na Katolika, waɗanda limaman Dominikan daga Amurka suka zauna musu a Gusau a shekarun 1950 ƙarƙashin Edward Lawton, wanda ya zama bishop na farko na Sakkwato. Sunansa yana rubuce. Katekis ɗin da ya yi ta taka keke zuwa ƙauyuka yana tara mutane kafin Fada ya iso, shi ma yana da suna, yana da mata da 'ya'ya.

Ka yi tunanin mai bishara na ƙauye a wancan zamani, irin waɗanda aka horar a makarantun Littafi Mai Tsarki na Hausa kamar ta Tofa da ta Kagoro. Albashinsa bai isa ya ci da gida ba, saboda haka manomi ne kamar kowa, da damina yana gona, da rani yana yawon wa'azi. Matarsa ce ungozoma, ita ce malamar zumuntar mata, ita ce mai dafa wa baƙi. 'Ya'yansa sukan yi tafiya mai nisa zuwa makarantar kwana, da yawansu suka zama malaman makaranta da ma'aikatan jinya da sojoji da fastoci. Wannan ma asali ne, da iyali, da aiki, da abin da aka cim ma, daidai da abin da makaɗi yake jerowa a fada. Bambancin kawai, ba wanda ya ɗauki kotso saboda shi.

Allah kuwa ba haka yake rubuta tarihi ba. Surori tara na farkon 1 Tarihi sunaye ne zalla, su ne muke tsallakewa in muna karatun shekara, har mai wa'azi ma yakan yi musu tsallen baɗake. Amma Ruhu Mai Tsarki bai ga ɓarnar takarda ba ne a wurin. Dubi Nehemiya sura 3, inda aka rubuta waɗanda suka gyara garun Urushalima. An fara da Eliyashib babban firist, daidai ne, amma ba a tsaya a kansa ba. Ga Uzziyel maƙerin zinariya, ga Hananiya mai haɗa turare, mutanen da hannunsu bai saba da dutse ba, an rubuta sunansu da sana'arsu da yankin garun da suka gyara. Ga Shallum, mai mulkin rabin yankin Urushalima, wanda ya yi aikin tare da 'ya'yansa mata. Waɗansu an ce daura da ƙofar gidansu suka gyara, iyakar abin da suka iya ke nan, aka kuwa rubuta. Sa'an nan ga abin da makaɗin fada ba zai taɓa yi ba: an rubuta cewa talakawan Tekowa sun yi aiki har yanki biyu, manyansu kuwa suka ƙi sunkuyar da wuya. Nassi ya ajiye ƙwazon talaka da girman kan babba a sura ɗaya.

A Sabon Alkawari dubi ƙarshen wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa. Bayan zurfin koyarwa na surori goma sha biyar, manzo ya zauna yana gai da mutane fiye da ashirin, kowa da sunansa, waɗansu da ɗan abin da suka yi. Tartiyas, wanda ya riƙe alƙalami Bulus yana faɗa yana rubutawa, ya sa tasa gaisuwar. An ambaci Arastas ma'ajin birni, babban ma'aikacin hukuma, irin su Marafa ke nan a zamaninsa. Dab da shi sai ga wani Kawartas, wanda ba a faɗi sana'arsa ko muƙaminsa ba, abin da aka sani game da shi kawai shi ne ɗan'uwa ne. Masana sun lura cewa Tartiyas da Kawartas a harshen Latin ma'anarsu na uku da na huɗu ne, irin sunan da akan sa wa yaro bisa ga layin haihuwa, ko a sa wa bawa. Shekara kusan 2000 ke nan ana karanta sunan Na-huɗu a kowace nahiya, a layi ɗaya da ma'ajin birni.

Me ya sa nake matsa wannan magana yanzu? Domin lokaci ba ya wajenmu. Ikilisiyar ƙasar nan ta riga ta yi asarar ƙwaƙwalwarta sau ɗaya, a 1966, sa'ad da kashe-kashen watan Mayu da na Satumba suka sa 'yan'uwanmu Ibo suka bar garuruwan bakin dogo, Gusau tana cikin wuraren da abin ya yi muni. Waɗansu sun komo bayan yaƙin basasa, da yawa ba su komo ba, abin da suka sani ya tafi tare da su. Bayan an ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996, aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoba na 1999, waɗansu iyalai suka sake tattara kayansu. Yanzu kuma ga masifar 'yan bindiga, wadda ba ta tambayar addinin kowa. A watan Mayu na 2019 an shiga makarantar 'yan mata ta Moriki an kwashi mutane. A watan Yuni na 2021 an kashe mutum fiye da hamsin a ƙauyukan Zurmi, yawancinsu manoma. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a jihar duka, aka hana cin kasuwannin mako, har da babbar kasuwar Shinkafi da fatake suke zuwa daga nesa. Ƙauyen da aka tashe shi, ba rumbu kaɗai ake ƙonewa ba. Littafin baftisma yana cikin akwatin, kabarin mai bishara na farko yana bayan majami'ar da ciyawa ta rufe, tsohon da ya san wanda ya ba da filin yana kwance a ɗakin aro a Ƙaura ko Gusau, ciwo da baƙin ciki suna cinsa. In ya tafi, ya tafi da shekara sittin a bakinsa.

Kada ka ɗauka wannan maganar marmarin dā ce kawai. Ezra sura 2 ta ba da labarin waɗansu iyalan firistoci da suka komo daga Babila, aka nemi sunansu a littafin asali ba a samu ba, sai aka hana su aikin firist da cin abinci mafi tsarki. Firistoci ne ko ba firistoci ba, rashin takarda ya raba su da gādonsu. Kai ma ka san yadda take a yau. Yaron da aka haifi kakansa a Sabon Garin Ƙaura yakan je neman takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma a tambaye shi daga ina ya zo. Ikilisiya takan yi shekara hamsin a fili, ran da gardama ta tashi a ce ta kawo shaidar wanda ya ba ta. Ranar nan littafin da wani dattijo ya rubuta da hannunsa, da kwanan wata, da sunan hakimin da ya ba da izini, da sunayen shaidu, ya fi wa'azi goma amfani a gaban hukuma.

Amma in za mu rubuta, kada mu zama maroƙan kanmu. Na sha zama a wurin jana'iza ina jin tarihin mamaci, in rasa gane mutumin da ake magana a kansa, domin an wanke shi tas har ya daina kama da ɗan Adam. Matiyu da ya rubuta asalin Ubangijinmu Yesu, da ya iso kan Sulemanu bai ɓoye cewa uwarsa matar Uriya ce dā ba. Ibraniyawa sura 11 ta sa Samson da Yefta cikin jerin masu bangaskiya, duk wanda ya karanta Littafin Mahukunta kuwa ya san halinsu. In dattijon da ya kafa majami'arku ya taɓa faɗuwa aka sa shi a horo, daga baya ya tuba aka komo da shi, a rubuta cikin ladabi da tsoron Allah, da shawarar iyalinsa, gama jikansa da yake fama da irin wannan jaraba zai fi samun taimako a wurin kakan da aka tashe shi bayan ya faɗi. In an yi rikici aka rabu, a faɗi abin da ya kawo shi. In wani hakimi ko liman ko maƙwabci Musulmi ya ɓoye masu bi a gidansa ranar tashin hankali, ko ya ba da fili, ko ya tsaya shaida, sunansa ya shiga littafin ikilisiya da cikakken girmamawa. An yi irin waɗannan mutane a 1966, ana kuma yinsu har yau.

Aikin ba ya bukatar digiri. Littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa, da biro, da wayar hannu in tana ɗaukar murya. A sami matashi ɗaya ko biyu a kowace ikilisiya su zauna da tsofaffi, maza da mata, domin sau da yawa matar ce take riƙe da shekarar da aka zo da sunayen 'ya'yan da suka rasu suna ƙanana. A tambayi sunan mutum na yanka da laƙabinsa, da sunan ubansa da garin da ya fito, da abin da ya kawo shi, jirgi ne ko ciwo ko aikin gwamnati ko kiran bishara. A tambayi sana'arsa, da wanda ya yi masa baftisma da kuma a wane gulbi, da inda 'ya'yansa suke yanzu, da inda aka binne shi. In tsoho bai san shekara ba, a tambaye shi wane sarki ne yake kan gado a lokacin, ko kafin a ba da mulkin kai ne ko bayansa, ko kafin yunwar 1973 ne, daga nan za a iya lissafawa. Wanda ya rubuta ya sa sunansa da ranar da ya rubuta a ƙasan kowane shafi, kamar yadda Tartiyas ya yi. A yi kwafi biyu, ɗaya ya zauna wurin magatakardan ikilisiya, ɗaya a kai ofishin gunduma a garin da ya fi tsaro, a kuma ɗauki hoton kowane shafi a aika wa wani ɗan ikilisiyar da yake zaune a Zariya ko Kaduna ko Jos. A fara da waɗanda suka yi gudun hijira daga ƙauyukan Zurmi da Shinkafi, a cikinsu kuma a fara da wanda ya fi tsufa.